Murfin akwatin kifin ruwan gishiri

Murfin akwatin kifin ruwan gishiri shi ne abin da ake rufe saman tankin gilashi da shi, irin tankin da ake kiwon kifayen teku da murjani a cikinsa don ado ko don nazari. Babban aikinsa shi ne hana kifi yin tsalle ya faɗo waje ya mutu. Bayan haka yana rage ruwan da ke tashi ya zama tururi, yana tare feshin gishiri, yana kuma hana ƙura da tarkace faɗawa ciki. Akan yi shi da gilashi, ko roba mai garai-garai, ko raga da aka ɗame a jikin firam. Babu nau'in da ya haɗa dukan amfanin nan a lokaci guda, domin murfin da ya rufe tanki ruf yana tare iska da zafi, wanda kuma ya bar iska tana wucewa ba ya hana ruwa ƙafewa. Saboda haka abubuwa uku ne ake dubawa wajen zaɓe: girman mafi ƙanƙantar kifin da ke cikin tankin, zafin wurin da aka ajiye shi, da yadda kayan murfin za su jure gishiri na tsawon shekaru.

Tarihi

Kiwon halittun teku a cikin akwatin gilashi ya bunƙasa ne a Ingila a tsakiyar ƙarni na 19. A shekarar 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a a gidan namun dajin Landan, a 1854 kuma masanin halittu Philip Henry Gosse ya fitar da littafin da ya yaɗa wannan sha'awa a gidajen mutane. Tankunan da aka yi ta amfani da su daga wancan lokaci har tsakiyar ƙarni na 20 suna da firam na ƙarfe, abin da ya zama matsala ga masu kiwon kifin teku, domin gishiri yana cin ƙarfen, tsatsar kuma tana komawa cikin ruwa. A shekarun 1960 ne gam ɗin silikon ya ba da damar haɗa tanki na gilashi zalla ba tare da ƙarfe ba.

Na tsawon lokaci, murfin da aka fi sani shi ne rumfar roba ko ta katako mai ɗauke da dogon ƙwan fitila a ƙarƙashinta. Da kiwon murjani mai rai ya yaɗu, sai aka koma ga fitilu masu ƙarfi da zafi sosai, mutane da yawa suka cire murfi don zafin ya samu hanyar fita. Sannan salon tanki marar baki, wanda gilashinsa ke tsaye ba tare da wani zobe a sama ba, ya samu karɓuwa. Ana danganta yaɗuwar wannan salo da ɗan ƙasar Japan Takashi Amano, wanda ya yi suna a tankunan tsirran ruwan daɗi, daga baya masu tankin ruwan gishiri suka ɗauka. Buɗaɗɗen tanki yana da kyan gani, amma shi ne ya fi jawo asarar kifi ta hanyar tsalle. Wannan ne ya sa murfin raga, wanda ba a cika lura da shi daga nesa ba, ya zama ruwan dare.

Abin da ke sa kifi tsalle

Yawancin kifayen murjani ba masu tsalle ba ne a muhallinsu na asali. A teku, kifin da ya firgita yakan zabura ya yi sama ko gefe, kuma akwai ruwa mai zurfin mita da yawa a kansa. A cikin tankin da zurfinsa bai wuce santimita 50 ko 60 ba, wannan zabura ɗaya ta isa ta fitar da shi daga ruwa. Zaburar tana faruwa cikin ƙiftawar ido. A ƙwaƙwalwar kifaye da yawa akwai wasu manyan ƙwayoyin jijiya guda biyu da ake kira ƙwayoyin Mauthner, da sunan likitan nan Ludwig Mauthner wanda ya bayyana zarensu a 1859. Su ne ke sa jikin kifi ya lanƙwashe nan take ya harba kansa nesa da abin da ya tsorata shi, kafin ma ya tantance inda ya nufa.

Abubuwan da suka fi jawo tsalle a tanki sun haɗa da:

- Kora da faɗa tsakanin kifaye, musamman idan an kawo sabon kifi ya tarar da masu wuri.
- Kunna fitilar ɗaki ko kashe ta tanki kwatsam cikin dare.
- Ƙarar buga ƙofa, ko inuwar mutum da ta gitta da sauri.
- Lalacewar ruwa, kamar hauhawar amoniya ko ƙarancin iskar oksijin.
- Ƙwayoyin cuta masu ƙaiƙayi a fata ko a gaɓar numfashi.
- Wasan neman mace, wanda a wasu nau'o'in ake yin sa da gudu zuwa sama.
- Rashin isassun duwatsu da ramukan ɓuya.

Kwanakin farko bayan an saka kifi a sabon tanki su ne suka fi haɗari, domin bai riga ya san inda zai ɓuya ba. Kifin da ya faɗo waje ba ya daɗewa. Tarwaɗa da gaiwa suna da gaɓar da ke ba su damar shaƙar iska a wajen ruwa, amma yawancin kifayen murjani ba su da irinta. Da zarar siraran gaɓoɓin numfashinsu sun manne da juna sun bushe, shi ke nan.

Kifayen da suka yi suna wajen tsalle

Kowane kifi yana iya tsalle, amma wasu sun fi wasu.

- Dangin Labridae, mai nau'o'i fiye da 600. Ƙananan 'yan wannan dangi na jinsin Cirrhilabrus da Paracheilinus, waɗanda ake samu a tekun Indiya da Fasifik, suna cikin waɗanda aka fi tsinta a ƙasa.
- Nemateleotris magnifica, siririn kifi mai jan bindi wanda tsawonsa bai wuce santimita 9 ba. Matsoraci ne, jikinsa kuma yana wucewa ta ƙaramar kafa.
- Opistognathus aurifrons, mai rawayen kai, daga tekun Karebiyan. Yana haƙa rami a yashi ya zauna ciki, kuma kafin ya samu ramin kansa yakan yi ta kai-komo a saman ruwa da dare.
- Ƙananan kifayen gobi da na jinsin Pseudochromis.
- Kifin morai mai siffar maciji, irin su Echidna nebulosa. Shi ba tsalle yake yi ba, yana ɗaga kai ne ya bi baki yana neman kafa, kuma yana da ƙarfin ture murfi marar nauyi.

Ban da kifi, akwai ƙaguwa da dodon koɗi da kan hau bangon tanki ko igiyar lantarki su fita. Wanda ya fi kowa wayo a wannan fanni shi ne oktofus, dabbar teku mai hannuwa takwas marar ƙashi, wadda ke iya matse jikinta ta wuce duk ramin da bakinta mai tauri zai shiga. A 2016 labarin wani oktofus mai suna Inky ya bazu a duniya, bayan ya ɓace daga babban gidan kifin ƙasar Niyu Zilan da ke birnin Napier. Ma'aikatan wurin sun yi imanin cewa ta wata 'yar kafa a saman tankinsa ya fita, ya bi daɓe, ya shiga bututun ruwa da ke kaiwa teku.

Yadda gishiri ke cin kayan murfi

Ruwan teku yana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita, kuma haka ake haɗa ruwan tanki. Duk lokacin da kumfa ta fashe a saman ruwa, ɗigo ƙanana suna fantsama su sauka a kan murfi. Ruwan ya bushe, gishirin ya zauna, ya yi fari fat, yana ƙara kauri yana rarrafe zuwa gefe. Wannan ɓawon gishiri yana janyo danshi, don haka duk ƙarfen da ke kusa yana zama cikin jiƙa dare da rana.

Baƙin ƙarfe yana yin tsatsa cikin ɗan lokaci. Wayar da aka shafe da tutiya, irin ta kejin kaji, ba ta dace ba, domin tutiyar tana narkewa a ruwan gishiri kuma guba ce ga halittun tanki. Jan ƙarfe ya fi haɗari: kaɗan daga cikinsa ya isa ya kashe murjani, jatan lande da dodon koɗi. Tagulla ma haka, tunda da jan ƙarfe ake haɗa ta. Ko ƙarfen sitenles bai tsira gaba ɗaya ba. Nau'in da ake kira 304 yakan yi ƙananan ramuka a ruwan gishiri, nau'in 316 kuma ya fi juriya saboda yana ɗauke da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na sinadarin molibdinam. Taitaniyum ne ƙarfen da ba ya damuwa da ruwan teku, sai dai yana da tsada. Alminiyum da aka yi wa rufin kariya ko fenti yana daɗewa idan ba ya nutse cikin ruwa, amma bakin da aka yanka da zarto ba shi da kariyar, daga nan yake fara yin farin gari.

A aikace, ba babban farantin murfi ne ke fara lalacewa ba. Hinji, kusoshi, maƙalai da maganaɗisun da rufinsa ya tsage su ne ke fara ba da kai. Shi ya sa ake son waɗannan ƙananan kayan su zama na roba ko na nailan.

Ire-iren murfi

Gilashi

Gilashi ba ya lanƙwashewa, gishiri ba ya cin sa, ba ya sauya launi, kuma ana iya kankare shi da reza. Nauyinsa yana hana kifin morai ɗaga shi. Farantin gilashi mai kaurin milimita 4 yana da nauyin kusan kilogiram 10 a kowace murabba'in mita. Matsalarsa ita ce yana fashewa, yana riƙe zafi, raɓa da gishiri kuma suna taruwa a ƙarƙashinsa su dusashe haske. Gilashin da aka gasa don ya ƙara ƙarfi ya fi aminci, amma ba ya yankuwa bayan gashin, sai an yanke duk ramukan da ake buƙata tun farko. Yawancin murfin gilashi na kanti yana zuwa da wani zirin roba a baya wanda ake yankawa don igiyoyi da bututu su wuce.

Akirilik

Akirilik roba ce mai haske kamar gilashi, nauyinta bai kai rabin nasa ba, kuma tana yankuwa da sauƙi. Sai dai tana tsotsar danshi. Gefen da ke fuskantar ruwa yana kumbura fiye da na sama, sai farantin ya gantsare, kusurwoyinsa su ɗaga su bar kafa. Wasu kan riƙa juya shi lokaci zuwa lokaci don ya miƙe, wasu kuma su manna masa ƙarfafa a tsaye. Siririn farantin akirilik shi ne ya fi saurin ba da kunya a cikin dukan nau'o'in murfi.

Polikabonet

Polikabonet ita ce robar da ake rufin ɗakin rainon tsirrai da ita. Da wuya ta fashe, kuma ba ta gantsarewa kamar akirilik, musamman mai kauri ko mai bango biyu. Tana saurin karcewa, kuma idan ba a yi mata rufin kariya daga hasken rana ba takan yi rawaya da daɗewa. Nau'in mai bango biyu yana tara ruwa da gansakuka a cikin ramukansa idan ba a toshe bakinsu ba. Ana yawan yin firam ɗin murfin raga mai tsada da ita, a yanka shi daidai da surar tanki.

Raga

Wannan shi ne murfin da masu kiwon murjani suka fi amfani da shi. Ana ɗame raga ta roba mai siririn zare a jikin firam irin na tagar gida, a danna igiyar roba cikin kwarin firam ɗin don ta riƙe ta. Idon ragar da aka fi sani shi ne na milimita 6, wato kwatan inci, sai na milimita 3 don ƙananan kifaye. Iska da haske suna wucewa kusan ba tare da cikas ba, kuma kifin da ya yi tsalle yana cin karo da abu mai laushi ya koma ruwa bai ji ciwo ba. Raga ba ta rage ƙafewar ruwa. Zarenta yana yin rauni da shekaru a ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, amma sauya ta ba shi da tsada tunda firam ɗin yana nan. Gidan sauro da ragar taga masu ƙananan ido suna tare haske da yawa, ragar taga ta ƙarfe kuma tana tsatsa.

Faranti mai ramuka

Wannan farantin roba ne mai ramuka murabba'i, wanda asalinsa don rufe fitilun silin aka yi shi. Yana da arha kuma yana yankuwa da filaya. Faɗin raminsa kusan milimita 13 ne, wanda siririn kifi ke wucewa ta ciki. Akan samu kifi ya fita ta ramin ya kwanta a kan farantin ya bushe, ya kasa komawa. Bangon ramukan yana kuma tare hasken da ke zuwa a karkace. Ya fi dacewa da tankin manyan kifaye ko tankin killace marasa lafiya.

Rumfa

Rumfar katako ko ta roba tana rufe saman tanki da fitilunsa gaba ɗaya. Katako yana buƙatar fenti mai hana ruwa ciki da waje, da ƙananan fankoki don fitar da zafi. Yawancin rumfuna a buɗe suke ta baya, saboda haka akan ƙara musu raga a wurin.

Tasirin murfi a kan ruwa

Idan ruwa ya tashi ya zama tururi, gishirin ba ya bin sa. Misali, tanki mai lita 200 yana ɗauke da kusan kilogiram 7 na gishiri. Idan lita 4 suka ƙafe, gishirin kowace lita zai tashi daga giram 35 zuwa kusan 35.7. Shi ya sa da ruwan daɗi tatacce ake cike gurbin, ba da ruwan gishiri ba. Murfin gilashi ko na roba yana rage wannan aiki sosai, yana kuma rage danshi a ɗaki.

Amma tashin tururi shi ne hanyar da tanki ke sanyaya kansa. Lita ɗaya da ta ƙafe tana tafiya da zafin da ya kai kusan kilojul 2,400, wanda ya isa ya sauke zafin tanki mai lita 200 da kusan digiri 3. Ana son ruwan tankin murjani ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Selsiyus. A ƙasa mai sanyi rufaffen murfi yana rage kuɗin wutar dumama ruwa, a ƙasa mai zafi kuwa yana iya kai ruwan ga zafin da zai sa murjani ya yi fari ya mutu.

Sai maganar iska. A digiri 25, litar ruwan daɗi tana iya riƙe kusan miligiram 8.3 na oksijin, ta ruwan teku kuwa ba ta kai miligiram 7 ba. Musayar iska a saman ruwa take faruwa, don haka rufaffen murfi yana rage shigar oksijin da fitar iskar kabon dayoksaid. Taruwar kabon dayoksaid tana sauke ma'aunin pH, wanda a teku yake kusa da 8.1, kuma hakan yana rage saurin girman murjani mai ƙashi. Tankin da ke da ƙaramin tankin tacewa a buɗe a ƙarƙashinsa, da na'urar kumfa mai tsame ƙazanta, ba ya shan wannan wahala sosai, domin iska tana shiga ta can.

Haske ma abin lura ne. Yawancin murjanin da ake kiwo yana rayuwa ne da taimakon wasu ƙananan gansakuka da ke cikin jikinsa, masu haɗa abinci da haske. Gilashi mai tsabta kaɗan yake tarewa, amma wanda gishiri ya lulluɓe yana tare da yawa. Idan an wanke murfin da ya daɗe da datti, hasken da ke isa ga murjani yana ƙaruwa farat ɗaya, shi ma wannan yana iya ƙona shi.

Yadda ake zaɓa

Ana fara auna idon raga da kan mafi ƙanƙantar kifi. Duk ramin da kansa zai shiga, jikinsa zai bi. Bayan haka sai a bi bakin tanki a nemo kowace kafa: wurin da igiyar famfo ta shiga, gefen bututun ruwa, ƙafar fitila, da kusurwoyi. Yawancin kifayen da ake asararsu a tanki mai murfi ta irin waɗannan wurare suke fita, domin kifin da ya firgita bango yake bi ya yi sama. Akan toshe su da guntun raga, soso ko roba da aka yanka daidai. Akwatin da ke ɗauke ruwan sama zuwa tankin tacewa shi ma yana buƙatar nasa murfin, tunda kifi kan faɗa ciki ya maƙale.

A dunƙule, raga ta fi dacewa da tankin murjani da wurare masu zafi. Gilashi ko polikabonet mai kauri ya fi dacewa da tankin kifi zalla, da wuri mai sanyi, da inda ake son rage danshi. Kifin morai yana buƙatar murfi mai nauyi ko mai maƙalli, oktofus kuma sai wanda ake kullewa, wanda ba shi da kafa ko ɗaya. Dogon tanki ya fi kyau a raba murfinsa gida biyu ko uku don kada ya lotsa a tsakiya, kuma don a iya buɗe ɓangare ɗaya kawai. Ƙaramar ƙofar zuba abinci tana da amfani, domin murfin da ke da wahalar ɗagawa shi ne ake mantawa a buɗe. A tanki marar baki, murfin yakan zauna ne a kan ƙananan maƙalan roba da ake ratayawa a gilashi, kuma ana barin 'yar tazara tsakaninsa da ruwa don kada ragar ta jiƙe ta tara gansakuka.

Kulawa

Ana wanke murfi da ruwan daɗi mai ɗumi a kai a kai, nesa da tanki, don kada dunƙulen gishiri ya faɗa kan murjani. Ruwan khal da aka sirka yana narkar da farin ɓawon da ya ƙi fita, sai a ɗauraye sosai. Ba a amfani da sabulu ko maganin goge gilashi mai amoniya, domin suna cutar da kifi, amoniya da barasa kuma suna tsattsaga akirilik da polikabonet. Roba da mayafi mai laushi ake goge ta. A duk wanki ana duba ko raga ta yage ko ta saki, ko kusurwa ta ɗaga, ko tsatsa ta fito a wani wuri. Fitilar da ke kan murfi ko a samansa tana buƙatar kariya daga feshin gishiri, saboda ruwan gishiri yana ɗaukar wutar lantarki, kuma ana son igiyoyin tanki su bi ta na'urar da ke yanke wuta idan ta zube.

Murfi yana hana kifi faɗowa, amma ba ya kawar da abin da ya sa shi tsalle. Idan ana jin kifi yana bugun murfi sau da yawa, sai a gwada ruwa, a lura ko akwai mai korar sa, a ƙara wuraren ɓuya, a kuma saita fitila ta riƙa dusashewa a hankali maimakon ta ɗauke farat ɗaya. Kifin da aka tsinta a ƙasa jikinsa da sauran danshi ana ɗaukar sa da jiƙaƙƙen hannu ko raga, a mayar da shi ruwa mai motsi a wurin da sauran kifaye ba za su dame shi ba, a ci gaba da lura da fatarsa da idanunsa na 'yan kwanaki.